Me ya sa tabkinmu ke yin ja da wari idan bazara ta kama?

Tambayar ta fito ne daga wani saurayi ɗan masunci, a wani ƙauye na Adar. Ga abin da ya ce: "Malam, tabkin garinmu duk shekara idan bazara ta kama sai gefensa ya yi ja kamar an wanke rini a ciki, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Bara, washegarin hadarin farko, muka tarar da gargaza birjik a kan ruwa sun mutu. Wasu sun ce masu lambu ne suka zuba magani, wasu sun ce mutanen ɓoye ne suka yi fushi. Babana ya ce in tambayi masu ilimin ruwa."

Ƙanena, ka gaida Baba da kyau, ka ce masa ya yi daidai da ya sa aka tambaya kafin zargi ya raba maƙwabta. Ruwa ba ya tsami banza, amma alamomin da ka lissafa, wato ja, da wari, da mutuwar kifi bayan hadarin farko, ba su yi kama da aikin maganin feshi ba. Maganin feshi ba ya jiran watan Mayu, ba ya dawowa duk shekara a lokaci guda kamar mai bin bashi. Abin da ke dawowa da lokaci, mazaunin wurin ne. Aikina ke nan, binciken ƙwayoyin bakteriya na ruwa, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma na daɗe ina shiga tabkuna irin naku da kwalba a hannu. Bari in gaya maka su wane ne mazauna tabkinku, da yadda suke karɓa-karɓar mulki daga damina zuwa bazara.

Mu fara da farar wuta, tunda ita ce tushen maganar. Ka san ta a kasuwa, rawaya, ana sayar da ita a ƙulle. A cikin ƙasa kuwa ta fi zama a siffar wani gishiri da ake kira salfet, wanda ba shi da launi balle wari. Ƙasar Adar tana da shi da yawa. Farin dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi da ake tsinta a tuddai ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza, wato jibsi, ba wani abu ba ne illa salfet haɗe da alli. Yana narkewa a ruwa sannu a hankali. Duk ƙoramar da ta ratsa ƙasa mai jibsi tana kwaso shi ta zuba a tabki, kuma tabkin da ba shi da mafita ba ya mayarwa: ruwa ya tafi sama da zafin rana, gishirin ya zauna.

A cikin lakar da ke gindin tabki babu iskar oksijin. Can ne rukuni na farko na ƙwayoyin bakteriyar ke zaune. Su ma suna numfashi, sai dai da salfet suke yi, kamar yadda mu muke yi da oksijin. Suna cin abin da ya ruɓe, ganye, kashin shanu, matacciyar gansakuka, sai su fitar da wata iska da ake kira haidurojin salfaid. Ita ce warin ruɓaɓɓen ƙwan da kake ji, kuma daga nan zan riƙa ce mata iskar wari. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, shi ya fara ware irin wannan ƙwayar a shekarar 1895, daga lakar magudanun ruwa na garin Delft. Yau ana kiran danginta Desulfovibrio. Idan iskar wari ta haɗu da ƙarfen da ke cikin jar ƙasarmu sai ta mayar da lakar baƙa ƙirin. Shi ya sa idan ka cusa hannu a taɓon tabki za ka ga saman ja ne ko ruwan ƙasa, amma ƙasa da ɗan yatsa guda baƙi ne kamar shuni ya ƙone.

Rukuni na biyu su ne masu launi, kuma su ne suka tayar wa garinku da hankali. Waɗannan suna rayuwa da hasken rana kamar tsiro. Bambancin shi ne, tsiro yana fasa ruwa ya saki oksijin, su kuwa iskar wari suke fasawa su bar farar wuta. Abu biyu suke bukata a wuri guda, haske daga sama da iskar wari daga ƙasa, sannan oksijin yana takura musu. Saboda haka wurin zamansu siriri ne ƙwarai, daidai iyakar da ruwa mai oksijin ya ƙare, mai wari ya fara. Akwai jajaye masu launin ɓawon albasar Galmi, irin su Chromatium, akwai kuma masu launin tsanwa ko ruwan ƙasa, irin su Chlorobium, waɗanda ke iya wadatuwa da ɗan hasken da ya rage, don haka suke zama ƙarƙashin jajayen.

Ranar da na fara ganin Chromatium da idona ba na mantawa da ita. Ɗigo guda na jan ruwa na sa a gilashin madubin ƙara girma, sai ga su cike da fili, kowace kamar ƙwayar shinkafa mai kauri, tana juyi tana iyo, cikinta ɗauke da ƴan dunƙule masu ƙyalli kamar an zuba mata tsakiyar zinariya. Dunƙulen nan farar wuta ce tsantsa da suka tara, guzurin lokacin da iskar wari za ta yi ƙaranci. Na kai hannu na tare hasken fitilar, na ɗauke, sai na ga sun ja da baya a firgice, kamar tumakin da suka iso bakin rami. Tun daga ranar na daina kallon jan ruwa a matsayin ƙazanta.

Akwai na uku, farare, irin su Beggiatoa, waɗanda wani masani mai suna Winogradsky ya bayyana rayuwarsu a 1887. Ba sa bukatar haske. Suna zama a saman laka suna ƙona iskar wari da ɗan oksijin da ya iso gare su. Idan ka je bakin tabki da asuba ka ga wani farin abu shimfiɗe a kan taɓo kamar saƙar gizo, da hantsi kuma ka neme shi ka rasa, su ne: da dare sukan hau sama, rana ta yi su nutse.

To ga abin da nake so ka riƙe. Duk waɗannan rukunan suna cikin tabkinku wata goma sha biyu. Ba zuwa suke yi daga wani wuri ba. Masu bincike a yau suna tace ruwa su karanta wani sashe na ƙwayar halitta da ake kira 16S, wanda ke nuna kowace iri ko da ƴan kaɗan ne, kuma abin da aka sha gani a tabkuna masu farar wuta shi ne, wadda ta cika ruwa a wannan wata takan koma ƴar tsiraru a wani watan, amma ba ta ƙarewa. Tana nan kamar iri a rumbu. Abin da ke sauyawa shi ne iyakar nan tsakanin oksijin da iskar wari. Tana hawa tana sauka da yanayi, kuma inda ta tsaya shi ke zaɓen wanda zai yi sarauta.

Da damina ƙoramu na shigowa da sabon ruwa, jawur da ƙasa, cike da oksijin. Gishiri ya tsinke, laka ta hana haske shiga, jajayen ƙwayoyi su koma taɓo su lafa. Masu mulki a lokacin su ne ƙwayoyin da ruwa ya wanko daga gonaki da makiyaya, har da na kashin mutum da dabba. Mutane sun fi tsoron tabki lokacin da yake ja, alhali cutar gudawa ta fi kusa da su lokacin da yake sabo, yana cike, ba wari. Sannan damina ce ke tara wa bazara kayan aikinta, domin ita ke kawo ciyawa da taki da jibsi.

Da kaka ruwa ya kwanta ya washe, bado ya buɗe, gansakuka ta yi yawa, kifi ya yi ƙiba. Duk abin da ya mutu a sama yana sauka ƙasa, masu numfashi da salfet su samu abinci. Warin na nan, amma a kulle cikin laka.

Da ɗari kuwa iska ce ke riƙe da tabkin. Dare ya yi sanyi, ruwan saman tabki ya huce ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, ga kuma iskar hunturu tana kaɗawa. Tabkin na motsuwa daga sama har ƙasa kusan kullum. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe oksijin: a digiri 20 lita guda na ɗaukar kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 kawai. Ƙwayoyin ma sanyi na rage musu kuzari, domin aikinsu yakan kusan ninkawa ne da duk ƙarin digiri 10. Ɗan warin da ya ɓullo, fararen nan na saman laka su cinye shi. Shi ya sa ba wanda ke kuka da tabki a watan Janairu.

Bazara ce mai dogon labari. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Tawa yana wuce digiri 40, kuma a ƙasarmu rana na iya shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara. Tabkin ya ja da baya, salfet ɗin da ke cikin ruwa mai yawa ya taru cikin kaɗan. Ƙananan tabkuna sun ƙafe, garken yanki duka ya dawo naku, shanu na tsayawa cikin ruwa har gwiwa suna fitsari da kashi. Ruwan saman tabki ya yi zafi ya yi sauƙi, ya zauna a kan na ƙasa kamar mai a kan miya, ba ya barin su haɗu. Oksijin ya ragu saboda zafi, masu cin ruɓa suna ƙara shanye shi, masu yin wari kuma suna kan ganiyarsu. Sai iyakar ta bar laka ta fara hawa cikin ruwa. Da zarar ta kai inda haske ke isa, jajayen sun samu abin da suka yi wata takwas suna jira. Cikin ƴan kwanaki sukan cika wurin. A gefen tabki inda ruwa bai wuce idon sawu ba, iyakar tana kaiwa har sama, shi ya sa can ne idonka ke ganin jan. A tsakiya suna iya kasancewa ƙasa, a ɓoye, ruwan saman yana tsanwa.

Nan ne nake so Baba ya ji ni da kyau. Jajayen nan ba su ne makasan kifi ba. Su ne murfin tukunya. Duk iskar warin da suka fasa da rana, iskar ce da ba ta kai ga kifi ba. Da dare ne, da babu haske, aikinsu ke tsayawa, gansakuka ma ta daina ba da oksijin ta koma shan sa, wari ya hau. Shi ya sa da asuba kifi ke tasowa suna buɗe baki a saman ruwa, rana ta ɗaga su koma.

A tsaunukan ƙasar Suwis akwai wani tabki, Kadanyo, a tudun mita 1,921, zurfinsa mita 21. Maɓuɓɓugan da ke ƙarƙashinsa suna ratsa duwatsu masu jibsi, kamar dai na Adar, don haka ruwan ƙasansa mai nauyi ne, mai wari, ba ya haɗuwa da na sama. A wajen mita 12 akwai shimfiɗar jajayen ƙwayoyi, tana kauri da rani lokacin da haske ya yi ƙarfi, tana raguwa idan ƙanƙara ta rufe tabkin. A samanta ruwa garau ne, kuma tabkin ya yi suna da yawan kifi, domin ƙananan halittun ruwa na kiwo a kan ƙwayoyin, kifi kuma na cin su. A ƙasar Sifen akwai ɗan ƙaramin tabkin Siso, kusa da Banyoles, wanda da rani yake rabuwa hawa-hawa da jar shimfiɗa a tsakani, da sanyi kuma ya gauraye har warin ya kai sama. Nan kusa ma, a gaɓar Biyetiri ta ruwan Ebriye a Abijan, an yi nazarin irin waɗannan ƙwayoyi tun shekarun 1980. Bambancin naku da Kadanyo shi ne zurfi. Nasu murfin ba ya buɗewa. Naku marar zurfi ne, iska guda mai ƙarfi ta isa ta kifar da shi.

Abin da ya faru bara ke nan. Hadarin farko yakan zo da guguwa a gaba, sannan ruwa mai sanyi wanda ke nutsewa kai tsaye. Cikin dare guda ruwan ƙasa da na sama suka gauraye. Iskar warin da ta taru wata biyu ta haɗiye ɗan oksijin da ya rage, kuma ita kanta guba ce ga kifi, tana toshe numfashi a cikin tsokar jiki. Ga kuma ƙorama ta farko ta kwaso kashin rani duka ta ƙara. Ka lura da waɗanda suka mutu: ka ce gargaza. Ina kyautata zaton tarwaɗa da gaiwa sun tsira, domin su suna iya shaƙar iska daga sama. Idan haka ne, wannan shaida ce babba. Ƙarancin oksijin ne ke zaɓe tsakanin mai shaƙar iska da marar shaƙa. Idan kuma da safen ruwan ya yi fari-fari kamar an zuba tsala, wannan farar wuta ce da ta fito daga iskar wari bayan ta haɗu da oksijin. Irin haka na faruwa a tekun Namibiya, har tauraron ɗan Adam na ɗaukar hoton ruwan ya sauya launi, kifi na mutuwa, halittun teku na gudu zuwa tudu.

Gani ya kori ji, don haka ga yadda za ka tabbatar da hannunka. Ka ɗauki tsohon zoben azurfa, ka ɗaura masa zare da ɗan dutse, ka saukar da shi gindin tabki ya kwana. Idan akwai iskar wari zai fito baƙi. Sannan ka ɗebi jan ruwan a kwalba fara, ka cika ta har baki, ka toshe, ka ajiye inda haske yake amma ba cikin rana tsaka ba. Jajayen farar wuta za su zauna da launinsu, sukan ma taru a ɓangaren da ke fuskantar haske. Akwai wata halitta daban, Euglena, mai yin jar fata a saman ruwa da rana kamar an barbaɗa garin barkono, ta koma tsanwa idan rana ta yi sanyi. Ita ba ta tafiya da wari. Wadda za ku ji tsoro ta gaske ita ce tsanwar kumfa mai kauri kamar fenti da iska ke tarawa a gefe guda. Wasu irinta na da guba mai lalata hantar dabba, kada a bar garke ya sha daga nan.

Idan kana da ƙanne a makaranta, ku gina tabkin a kwalba. Ku kwaɓa baƙar laka da ɗan garin jibsi ko gwaiduwar ƙwai da yagaggen takarda, ku cika rabin doguwar kwalba, ku ƙara ruwan tabki, ku rufe, ku ajiye a bakin taga. Bayan mako huɗu zuwa takwas za ku ga baƙi a ƙasa, tsanwa a samansa, ja a sama da shi, gansakuka a can ƙoli. Sunan Winogradsky ake kiran wannan gwaji da shi. Ku kai wa dattawan gari su gani, ya fi dogon bayani.

Maganar lafiya kuma ba ta wasa ba ce. A fili, inda iska ke kaɗawa, warin bakin tabki ba ya kisa. A rami ne yake kisa. Iskar wari ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana kwanciya a gindin rijiya da shadda, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka ta tafi alhali lokacin ne ta fi haɗari. Masu yasar rijiyoyin lambu a bakin tabki da bazara su kiyaye: kada a sauka rijiyar da ta yi warin ƙwai sai an kore iskar, kada a sauka babu igiya a ƙugu da mutane a sama, kuma idan wani ya faɗi a ciki kada na biyu ya bi shi haka nan. Dabbobi kuma, ruwan da salfet ya yi wa yawa yana sa su zawo, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar shanu da tumaki har su makance su riƙa tangaɗi. A ƙarshen bazara ruwan rijiya ya fi musu. Kifin da aka tarar ya mutu ya kumbura a zafin nan, a binne shi nesa da ruwa, kada a kai shi kasuwa, kada a bar shi ya ruɓe a ciki ya ƙara wa masu wari abinci.

Jibsi ba za ku iya cire shi daga ƙasar Adar ba, zafin Mayu ma haka. Abin da ke hannunku shi ne abincin da ake ba masu yin wari, da lokacin kamun kifi. A zauna da makiyaya da mai gari a ware mashaya guda a gefen da ƙasa ke da tauri, ko a riƙa ja wa dabbobi ruwa a kwami, maimakon su shiga ko'ina. Masu lambu su daina zubar da ganyen albasa da ragowar taki a bakin ruwa. Wannan ne rabonsu na gaskiya a cikin lamarin, kuma magana ce ta gyara, ba ta kai ƙara ba. Masunta kuma, da kun ga jan ya bayyana kuma kifi na tasowa da asuba kwana biyu uku a jere, ku nemi izinin ma'aikatan ruwa da gandun daji ku kwashe manyan gargaza kafin hadari ya haɗo, a sayar ko a yi banda. Idan akwai injin ban-ruwa, a kunna shi kafin asuba, a ja ruwan saman tabki a watsa shi sama ya dawo kamar yayyafi. Kada bakin tiyo ya taɓa laka, domin tayar da ita daidai yake da kiran hadarin da kanku.

Kai kuma ga naka aikin. Ka sayi ɗan littafi, ka kafa sanda mai zane a cikin tabkin, duk Juma'a ka rubuta inda ruwa ya tsaya, da launinsa, da ko akwai wari, da yadda kifi suka yi da asuba, da ranar da garke ya fara yawa, da ranar hadarin farko. Idan jan ya fito bana, ka cika kwalba biyu har baki, guda daga gefe guda daga gindin tsakiya, ka naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma, ka ba direban da ke zuwa Tawa a ranar. Ka rubuta kwanan wata da sa'a a jikin kowace. Zan sa su a madubi, kuma idan Baba ya samu shigowa gari, ina so ya ɗora idonsa ya ga masu tsakiyar zinariyar nan da kansa.